Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Tarayya: A Ba Abuja Magajin Garin Da Za Ta Zaɓa Da Hannunta

Zuwa ga Shugaban Majalisar Dattawa, da Kakakin Majalisar Wakilai, da 'yan kwamitocin gyaran kundin tsarin mulki na zaurukan biyu.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya.

Ni mazaunin Abuja ne. Ina ɗan shekara tara mahaifina ya kwaso mu ya kawo mu nan, lokacin yana tuƙa tifa yana kai yashi da tsakuwa wuraren gini a Garki, garin kuwa babu komai sai jar ƙasa da ƙura da rurin katafila. Nan na yi karatu, nan na yi aure, nan aka binne cibiyar 'ya'yana biyar. In na je garin iyayena, gaisuwar da ake tarbata da ita ita ce, "A'a, mutanen Abuja, saukar yaushe?" Ke nan can baƙo nake. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a nan ɗin ma da ake jingina ni da shi, doka ba ta ɗauke ni cikakken ɗan gari ba.

Ku zo unguwarmu ranar zaɓen gwamnoni ku gani. Ranar 18 ga Maris 2023 ina zaune a bencin mai shayin bakin layinmu, an kafa ƙaramar rediyo a kan tebur tsakanin gwangwanayen madara. Rabin maƙwabta sun yi tafiya, wannan Kano, wancan Filato, wancan Inugu, kowa ya je zaɓen mai mulkin jiharsa. Mu da muka rage muna ta musu kan wa zai ci Kaduna, wa zai ci Nasarawa, kamar masu kallon dambe a garin wasu. Sai babban ɗana, wanda bai daɗe da karɓar katin zaɓensa ba, ya ce, "Baba, mu yaushe za mu yi namu?" Mai shayi ya yi dariya yana fifita shayi tsakanin kofi biyu, ya ce masa, "Ku ai naku aiko muku da shi ake yi."

Gaskiya ya faɗa. Mutumin Kano yana da ƙuri'a bakwai: shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisar wakilai, gwamna, ɗan majalisar jiha, ciyaman, kansila. Ni biyar gare ni. Sashe na 299 na kundin 1999 ya ce a ɗauki Abuja tamkar jiha, sai kuma ya miƙa ikon gwamna ga shugaban ƙasa, ya miƙa ikon majalisar jiha gare ku. Sashe na 302 ya ba shugaban ƙasa damar naɗa minista ya riƙe masa. Ku 469 ne a zaurukan biyu, mu kuwa mutum uku muka aiko cikinku, sanata ɗaya da wakilai biyu. Sauran 466 da ke zama kan kasafin kuɗin garinmu, babu wanda zai rasa kujerarsa don famfon Karu ya ƙafe.

Bari in koma baya kaɗan, don akwai abin da da yawa suka manta: babban birnin Najeriya ya taɓa yin magajin gari. A 1950, Turawa na nan, aka sake wa majalisar garin Legas fasali, aka yi zaɓen da manya maza da mata suka jefa ƙuri'a, 'yan majalisar kuma suka zaɓi Dakta Abubakar Ibiyinka Olorun-Nimbe a matsayin magajin gari, Mazi Mbonu Ojike yana mataimakinsa. Olorun-Nimbe likita ne, ya yi karatu a Gilasgo, yana kuma cikin tawagar jam'iyyar NCNC da ta je Landan a 1947 kai kukan tsarin mulkin da Gwamna Richards ya kawo, tare da Azikiwe da Funmilayo Ransome-Kuti da Zanna Bukar Dipcharima. Shekara uku kacal kujerar ta yi. Tsarin mulkin Gwamna Macpherson ya jefa Legas cikin Jihar Yamma, inda jam'iyyar Awolowo ke mulki, majalisar garin kuwa tana hannun abokan hamayyarta. Aka yi ta zarge-zarge, aka ɗauko wani jami'i daga Ingila, Bernard Storey, ya binciki majalisar, a 1953 aka rushe ta. Da aka sake kafa ta, babu kujerar magajin gari a ciki. Har yau in ana maganar Olorun-Nimbe, cewa ake yi shi ne na farko, shi ne na ƙarshe.

Ban ce majalisar tasa ba ta da laifi ba. Abin da nake so ku lura da shi, an kama ɓera ne sai aka ƙona rumbun. Daga 1954 Legas ta koma yankin tarayya, daga baya aka ƙirƙiro Ministan Harkokin Legas, kujerar da Muhammadu Ribadu ya riƙe, Musa 'Yar'aduwa Mutawallen Katsina ya riƙe har zuwa juyin mulkin 1966. Wato rigar da aka ɗinka wa Abuja, tun a Legas aka yanka ta. Sai dai Legas ta tuɓe tata. A 1967 ta zama jiha, a 1979 ta zaɓi Lateef Jakande gwamna a jam'iyyar UPN, alhali Shugaba Shehu Shagari na NPN yana zaune a cikin garin. Shekara huɗu da 'yan watanni shugaban ƙasa da gwamnan adawa suna shan iskar teku ɗaya. An yi cacar baki, ƙwarai, amma ƙasa ba ta tsage ba, Jakande kuma ya gina makarantu da gidajen masu ƙaramin ƙarfi da har yanzu ake kira da sunansa. Duk wanda zai ce muku zaɓaɓɓen shugaba a babban birni barazana ne ga fadar shugaban ƙasa, ku tambaye shi ina yake a 1979.

Abuja kuwa, tun ranar da Janar Murtala ya yi shelarta, 3 ga Fabrairu 1976, kwana goma kafin a kashe shi, ba ta taɓa ganin akwatin zaɓen mai riƙe da ita ba. Na zauna na ƙirga waɗanda suka riƙe ta, na samu mutum 17. Mobolaji Ajose-Adeogun ne ya fara, a zamanin da ake ce musu kwamishinoni. Shagari ya kawo John Jatau Kadiya, sannan Iro Ɗanmusa, sannan Haliru Dantoro wanda daga baya ya zama Sarkin Borgu. Soja suka dawo da Mamman Vatsa, janar mai rubuta waƙe, wanda ya ba marubuta fili a Mpape. Daga wannan kujerar aka ɗauke shi a Disambar 1985 bisa zargin juyin mulki, aka harbe shi ranar 5 ga Maris 1986. Bayansa Hamza Abdullahi, sai Gado Nasko, wanda a hannunsa Babangida ya tare a garin ranar 12 ga Disamba 1991. Ina cikin yaran da suka tsaya bakin titi a ranar, rana na dukanmu, muna ɗaga 'yan tutoci. Sai Jeremiah Useni duk tsawon mulkin Abacha, sai Mamman Kontagora ya miƙa wa farar hula. Daga 1999: Ibrahim Bunu, Mohammed Abba Gana, Nasiru El-Rufa'i, Aliyu Modibbo Umar, Adamu Aliero, Bala Mohammed, Muhammad Musa Bello, sai Nyesom Wike daga Agustan 2023.

Ba na raina su. A cikinsu akwai waɗanda suka yi aikin da ido ke gani. El-Rufa'i ya shigar da takardun filaye cikin kwamfuta, ya ƙwato wuraren shaƙatawa da aka gine, ya hana acaɓa shiga tsakiyar gari a 2006, ya kuma yi rusau ɗin da har gobe wasu ke yabo wasu ke kuka. Bello ya fi kowa daɗewa, kusan shekara takwas, cikin sanyin hali. Wike ya zo da zafinsa, tituna da gadoji sun miƙe, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. To amma ku dubi abin da ya faru bayan sun sauka. El-Rufa'i da ya so mulkin Kaduna, sai da ya zaga ƙananan hukumominta yana roƙon ƙuri'a. Bala Mohammed sai da ya bi Bauci lungu-lungu. Aliero ya koma Kabi neman kujerar sanata. Useni ya nemi sanatan Filato ta Kudu ya samu, ya nemi gwamna a 2019 mutanensa suka ce a'a. Duk waɗannan, a gida sun san sai sun durƙusa wa talaka. A Abuja kuwa mutum ɗaya suke buƙatar ya gamsu da su, shi ne wanda ya naɗa su. In minista ya yi mana kirki, sa'a muka taka. In ya ƙuntata mana, sai mu sa wa sarautar Allah ido har a yi garambawul. Kuma cikin su 17 ɗin babu ɗan asalin yankin ko ɗaya.

Wannan batu na 'yan asali yana buƙatar a tsaya a kansa, don ni ɗan zuwa ne, kuma na san bakina ba zai faɗi zafin da ke ransu ba. An ce wai an zaɓi wurin ne don ba na kowa ba ne. Gbagyi da Gwandara da Koro da Gade da Bassa da Ganagana da Igbira suna nan tun kafin a haifi kakan mai wannan magana. Garki da Wuse da Maitama da Asokoro sunayen ƙauyukansu ne. Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20 'yarsu ce. Sunan Abuja ma aro aka yi daga garin Abu Ja, wanda ya haƙura ya koma Suleja. An yanko ƙasarsu daga Neja da Filato da Kwara, an ce za a kwashe su duka a sake musu matsuguni, da aka ga kuɗin ya yi yawa sai aka fasa, aka kai wasu Sabon Wuse, aka bar saura a inda suke. Sashe na 297 ya ce duk filin yankin na gwamnatin tarayya ne, don haka mutum yana noma gonar kakansa a matsayin mai zaman alfarma. Ɗan'uwansa da iyaka ta bari a Neja ko Nasarawa yana iya zama gwamna, shi ba ya iyawa. Ko kujerar minista sai da aka je kotu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba su gaskiya a 2018, sannan sai a 2023 aka rantsar da Zephaniah Jisalo, shi ma ba ministan Abuja ba.

Za ku ce ai muna da ƙananan hukumomi shida, Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da ta cikin birni, kuma hukumar zaɓe ta ƙasa ce ke gudanar da zaɓensu, ba irin na jihohi da jam'iyya mai mulki ke cinye komai ba. Haka ne, muna kuma alfahari da wannan. Amma fili ba a hannunsu yake ba, manyan tituna ba a hannunsu ba, ruwa da tsarin gari ba a hannunsu ba. A 2025 malaman firamare sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, 'ya'yan talakawa suna gida, a garin da fadar shugaban ƙasa take. Iyaye sun rasa ƙofar da za su buga.

Ni ma na ɗanɗana rashin ƙofar nan. Akwai wata kwalbati a mashigar unguwarmu da ta toshe, duk damina ruwa ya dawo mana cikin gidaje. Wata shekara ya ci katangar maƙwabcina, ya shiga ɗakin tsohuwarsa har gwiwa, muka fito da ita a kan kujera cikin dare, tabarmar sallarta na yawo a tsakar gida. Washegari muka sa manyan riguna, ni da mai unguwa da liman, muka kama hanya. Ofishin farko aka ce titin ba huruminsu ba ne. Na biyu aka ce titin nasu ne amma magudanar ta wasu ce. Na uku aka ce mu rubuto takarda, oga ya yi tafiya. Da muka fito, liman ya share gumi da bakin rawaninsa ya ce, "Malam, gari ne mai iyaye da yawa, shi ya sa ya zama maraya." Ƙarshenta karo-karo muka yi, muka ɗauko leburori da shebur da baro.

Na san tsoron da ake ji, kuma ba mu muka fara jin sa ba. Faransa ta fi kowa tsoron babban birninta. Magajin garin Faris na farko, Jean-Sylvain Bailly, an naɗa shi a 1789, a 1793 aka fille masa kai. Bayan boren 1871 gwamnati ta ce ta gaji, ta soke kujerar, ta bar garin a hannun jami'an da take naɗawa fiye da shekara 100. Sai a 1977 aka sake zaɓe, Jacques Chirac ya kayar da ɗan takarar da Shugaba Giscard d'Estaing ya tsayar, ya zauna har 1995 lokacin da shi kansa ya zama shugaban ƙasa. Dabarar da suka yi ita ce abin dubawa: magajin gari ya riƙe shara da makarantu da gidaje da tituna, shugaban 'yan sandan birnin kuwa gwamnati ce ke naɗa shi. Landan ma Thatcher ta rushe majalisar birnin a 1986, aka yi shekara 14 babu mai magana da yawun garin, sai a 2000 aka zaɓi Ken Livingstone, mutumin da aka rushe majalisar yana shugabanta. Bayansa Boris Johnson, bayansa Sadiq Khan, ɗan direban bas, wanda ya ci sau uku.

Washintan ta fi kama da mu, don ita ma yankin tarayya ce da aka yanko. Kusan shekara 100 kwamishinonin da shugaban ƙasa ke naɗawa ne ke riƙe da ita. A 1967 Shugaba Johnson ya naɗa Walter Washington, a 1973 majalisarsu ta yi dokar cin gashin kai, a 1974 mutanen gari suka zaɓi shi Walter ɗin da ƙuri'arsu. Ba zan ɓoye muku ba, sun ga ta kansu daga baya. Marion Barry, wanda ya gaje shi, an kama shi da hodar iblis a 1990, ya yi wata shida a kurkuku, ya fito, a 1994 suka sake zaɓensa. Da kuɗin garin ya rikice a 1995, majalisa ta kafa hukumar da ta riƙe lalitar har 2001, sannan ta sakar musu. Sun gyara kujerar ne, ba su yi mata irin ta Legas ba.

Wanda kuma ba na so mu kwaikwaya yana nan kusa, a Yamai. Can kujerar tsohuwa ce, Djibo Bakary ne zaɓaɓɓen magajin garinta na farko tun 1956. Amma an bar wa gwamnati wuƙar tsige shi. Oumarou Dogari ya ci a 2011, jam'iyyarsu ta raba gari da gwamnati a 2013, cikin 'yan makonni majalisar ministoci ta sauke shi. Assane Seidou da ya gaje shi, a 2017 aka sauke shi, aka naɗa kwamitin riƙo. Dogari ya dawo a 2021, a 2024 soja suka rushe majalisun duka suka ɗora kanar. In irin wannan za ku ba mu, magajin garin da za a iya kora da sanarwar ƙarfe takwas na dare, to ku bar mana ministanmu, aƙalla shi ba a yaudare mu da sunan zaɓe ba.

Sunan kujerar ma ba baƙo ba ne a kunnenmu. Tun kafin gidajen rediyo su ara su liƙa wa na Landan da na Faris, akwai Magajin Gari a Sakkwato da Katsina da Zazzau. Mai martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli da wannan sarauta aka san shi kafin ya hau gado a 2020, a Katsina kuwa Magajin Gari shi ne hakimin birni. Naɗa shi ake yi, na sani, ban zo in ce zaɓe ba ne. Abin da ya burge ni, magabata sun gane cewa mai ɗauke da ƙasa duka ba zai iya leƙa kowace kwata ta birninsa ba, sai a ba ɗan gari wanda kowa ya san ƙofar gidansa.

Ranku ya daɗe, wannan magana ta zo gabanku ba sau ɗaya ba. A 2013 ta faɗi a Majalisar Dattawa. Ranar 1 ga Maris 2022 ta sake zuwa, ta sake kasa samun ƙuri'a 73 da ake bukata. A Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'ar ɗan Abuja ba ta fi ta kowa ba, a shari'ar da aka yi kan ko dole sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi 25 cikin 100 na ƙuri'un Abuja kafin ya ci. Mun karɓa hannu biyu, ba mu taɓa neman fifiko ba. Mu dai kada tamu ta gaza ta kowa.

Roƙona ke nan. A gyara sashe na 299 da na 302, a kafa kujerar magajin gari da duk mai rajista a yankin zai zaɓa, wa'adin shekara huɗu sau biyu, da ƙaramar majalisa da za ta zauna kan kasafinsa ta kuma iya tsige shi, ita kaɗai ko kotu. Fadar shugaban ƙasa da harabar majalisarku da Kotun Ƙoli da barikoki da unguwar jakadu da tsaro, duk ku bar su a hannun tarayya, ba mu da ja. Ku ba shi ruwa da shara da asibitoci da makarantu da kasuwanni da motocin haya da titunan unguwanni, ku ba shi baki a rabon fili da rusau. A majalisar tasa a ware wa 'yan asali kujerun da yawanmu mu 'yan zuwa ba zai haɗiye ba; ƙidayar 2006 ta ce mu miliyan 1.4 ne, kowa kuma ya san yadda garin ya cika ya batse tun daga lokacin, mafi yawa baƙi irina.

In ƙudurin ya sake zuwa, ina roƙon a buga sunan kowane ɗan majalisa da inda ya jefa ƙuri'arsa, mu gani. Da yawanku maƙwabtanmu ne, kuna da gidaje a Apo da Maitama da Gwarimpa, 'ya'yanku nan suke karatu, wasunku ko an kayar da su a gida nan suke ci gaba da zama. Mahaifina ya rasu bai taɓa zaɓen mai riƙe da garin da ya kwashe ƙarfinsa yana kai wa yashi ba. Ɗana kuma tambayar da ya yi mini a teburin mai shayi har yau ban ba shi amsa ba, na dai ce masa zan rubuto muku.

Wassalam.

Naku,
Wani mazaunin Abuja, ɗan direban tifa.